Daga Hanyar Yariko Zuwa Gadon Majinyaci: Yadda Koyarwar Ƙauna Ta Zama Aiki a Tarihin Kirista

Wajen shekarar 252 annoba ta shiga Kartaj, babban birnin Rumawa a Arewacin Afirka, wanda kangonsa ke gefen birnin Tunis na yau. Cutar takan fara da zawo da amai, sai maƙogwaro ya yi gyambo, idanu su kaɗa su yi jawur. Wasu ƙafafunsu suka ruɓe, wasu suka tashi daga jinya a kurumce ko a makance. Tsoro ya kama gari. Mai hali ya tattara nasa ya nasa ya gudu, wanda kuma ɗan'uwansa ya kwanta sai ya jawo shi waje tun da sauran numfashi, ya rufe ƙofa. Gawawwaki suka cika tituna, ba mai ɗauka.

Kiristocin birnin ba su da wani dalili na tausaya wa maƙwabtansu. Shekara biyu kafin nan, a 250, Sarki Desiyus ya ba da umarni kowane ɗan daula ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Wanda ya ƙi, sai kurkuku, ko azaba, ko kisa. Shi kansa bishof na Kartaj, Sifiriyan, sai da ya ɓuya fiye da shekara guda, an ƙwace dukiyarsa, taron jama'a na ihu a jefa shi ga zakuna. Amma da annoba ta zo, wannan mutumin ya tara mabiyansa ya ce musu jinyar nasu kaɗai ba abin yabo ba ce, domin kowa ma yana yin haka. Abin da ake nema gare su shi ne su ɗauki waɗanda suka tsananta musu jiya su yi jinyarsu, kamar yadda Allah ke fito da rana ya saukar da ruwa a kan nagari da mugu. Almajirinsa Fontiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce nan take aka raba aiki: mai kuɗi ya kawo kuɗi, talaka ya kawo ƙarfinsa.

Maganar ba ta Sifiriyan ba ce. Ya gaje ta ne daga abin da aka faɗa a ƙauyukan Galili fiye da shekara 200 kafin zamaninsa.

Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya yi wa'azinsa a ƙasar Falasɗinu lokacin da take ƙarƙashin Rumawa, zamanin gwamna Bilatus Babunti da ya riƙe Yahudiya daga 26 zuwa 36. Littattafan Bishara sun nuna cewa da aka tambaye shi umarni mafi girma, sai ya ɗauko biyu daga Attaura ya haɗa su: ƙaunar Allah da dukan zuciya, da ƙaunar maƙwabci kamar yadda mutum ke ƙaunar kansa. Malaman Yahudawa sun san duka biyun. Inda magana ta yi zafi shi ne iyakar maƙwabtaka: daga ina ta fara, a ina ta tsaya?

Amsar da Luka ya rubuta a Bishararsa labari ce. Hanyar da ta tashi daga Urushalima zuwa Yariko ba ta kai kilomita 30 ba, amma gangara ce mai tsanani tsakanin duwatsu da kwazazzabai, maɓoyar 'yan fashi. A nan aka tare wani matafiyi, aka tuɓe shi, aka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya zo ya ratse. Balawe, mai hidima a Haikali, shi ma ya ratse. Wanda ya tsaya Basamariye ne, ɗan ƙabilar da Yahudawa ba sa ga-maciji da ita, suna ganin addininta gurɓatacce ne. Ya wanke raunukan da mai da ruwan inabi, ya ɗaure su, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da safe ya ba mai masaukin dinari biyu, ladan ƙwadago na kwana biyu ke nan, ya yi alkawarin biyan duk abin da ya ƙaru idan ya dawo. Da wannan labari Yesu ya juya tambayar: maimakon mutum ya tsaya tantance wanda ya cancanci taimakonsa, sai ya duba ko shi kansa ya zama maƙwabci ga wanda ke kwance a gabansa.

Sauran koyarwar tana cikin Huɗubar Kan Dutse, sura ta 5 zuwa ta 7 a littafin Matiyu. A nan aka sa albarka ga masu tawali'u, da masu jinƙai, da masu tsarkin zuciya, da masu sulhunta mutane. An mayar da hukunci daga hannu zuwa zuciya: kisa yana farawa daga fushi, zina daga kallo. An hana ramuwa, an ce a yi wa maƙiyi addu'a. Sadaka da addu'a da azumi, duka a yi su a ɓoye, ba don idon mutane ba. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa tana kiran Allah Uba, tana roƙon abincin yini, sannan ta ɗaure gafarar da mutum ke nema da gafarar da yake yi wa waɗanda suka ɓata masa. Can a sura ta 25 kuma aka kawo hoton ranar shari'a, inda tambayoyin duka a kan mutane shida ne: mayunwaci, mai ƙishirwa, baƙo, marar tufa, marar lafiya da ɗan kurkuku. Abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikinsu, Almasihu ya ce shi aka yi wa.

Duk wannan yana da tushe guda a imanin Kirista. Sun gaskata cewa Allah ne ya fara ƙaunar ɗan Adam tun yana cikin zunubi, cewa mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa su ne shaidar wannan ƙauna, kuma ceto alheri ne da ba a saye da aiki. Saboda haka jinƙan da Kirista ke yi wa wani, a wurinsu, godiya ce ta wanda aka riga aka yafe wa bashi mai nauyi.

Tun farko ikkilisiya ta gane cewa irin wannan koyarwa tana bukatar asusu da masu riƙe shi. A Urushalima, da aka yi ƙorafin ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon, cikinsu har da Istifanus. A shekarun 50 manzo Bulus ya bi ikkilisiyoyin Makidoniya da Koranti yana tara gudummawa don talakawan Urushalima, mutanen da masu bayarwar ba su taɓa gani ba. Wajen 155 wani marubuci Kirista, Jastin, ya rubuta daga birnin Rum cewa kowace Lahadi bayan ibada ana tara abin da kowa ya ga dama, a damƙa wa shugaba don marayu, gwauraye, marasa lafiya, fursunoni da baƙi. Tartuliyan na Kartaj, wajen 197, ya ambaci akwatin da ake jefa ɗan abin da ya samu sau ɗaya a wata ba tilas, ana binne matalauta da shi, ana riƙe tsofaffin bayi da waɗanda jirginsu ya nutse. Zuwa 251 ikkilisiyar birnin Rum kaɗai tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, kamar yadda bishof ɗinta Karniliyus ya rubuta.

Rumawa ma sun san kyauta. Attajiransu na gina gidajen wanka da filayen wasa, a sassaƙa sunayensu a jikin dutse, hukuma kuma na raba alkama a babban birni. Sai dai ma'aunin rabon shi ne zama ɗan gari mai cikakken 'yanci, ba tsananin bukata ba. Bawa da baƙo da mabaraci ba su cikin lissafi. Kula da matalauci don kawai shi matalauci ne, wannan gado ne daga Attaura da annabawa da majami'un Yahudawa, Kiristoci kuma suka ɗauke shi suka baza a biranen daular.

Jarrabawar gafara ta zo musu daga cikin gida. Lokacin tsanantawar Desiyus, Kiristoci da yawa sun kasa jurewa: wasu sun miƙa hadayar, wasu sun sayi takardar shaida da kuɗi. Da ƙura ta lafa suka dawo ƙofar ikkilisiya suna kuka. Waɗanda suka sha azaba, ko suka binne 'yan'uwansu, me za su ce musu? Wani malami a birnin Rum, Nobatiyan, ya ce wanda ya yi ridda ba shi da hanyar dawowa, ya ja ƙungiyarsa ya ware. Majalisar bishof-bishof da ta zauna a Kartaj a 251 ta ɗauki wata hanya: a duba laifin kowa, ya yi tuba gwargwadon nauyinsa, sannan a karɓe shi. Wannan ra'ayi ne ya yi rinjaye, daga gare shi kuma tsarin tuba da furta zunubi ya ƙara ginuwa.

Annobar ta yi fiye da shekara goma tana yawo a daular. Daga Iskandariya ta Masar, bishof Diyonisiyus ya rubuta cewa dattawan ikkilisiya da masu hidima da sauran jama'a da dama sun mutu wajen jinya, suna rufe idanun mamata, suna yi musu wanka da sutura, har cutar ta kama su su ma. Sifiriyan kuwa, ban da aikin annoba, ya tara sastar 100,000, kuɗin Rumawa, ya aika Numidiya a fanso Kiristocin da mahara suka kama. A ranar 14 ga Satumba, 258, zamanin Sarki Baleriyan, aka fille masa kai a bayan birnin da ya yi wa jinya.

Irin tasirin da wannan hali ke yi a zuciyar mutum ɗaya ya bayyana a labarin wani saurayi Bamisire mai suna Bakomiyus. Wajen 312 aka kama shi aikin soja na dole, aka gangaro da shi ta Kogin Nilu tare da sauran samari, aka kulle su a Tibis, inda Luksor take a yau. Da dare wasu mutanen gari suka kawo musu abinci da ruwa. Ya tambaya ko su wane ne, aka ce masa Kiristoci ne, haka suke yi wa kowane baƙo. Da aka sallame shi sai ya nemi baftisma. Wajen 320 ya kafa zaman sufaye na tarayya a Tabannisi, inda ake addu'a tare, ana saƙa tabarma da kwando, ana kuma ware ɗaki na musamman don marasa lafiya. Shi ma annoba ce ta ɗauke shi a shekarun 340.

A 313 Sarki Kustantin da takwaransa Lisiniyus suka ba Kiristoci 'yancin addini, dukiya ta fara kwarara cikin ikkilisiya. Shaida mafi ƙarfi kan abin da aka yi da ita ta fito ne daga bakin maƙiyi. Sarki Yuliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363, ya tashi Kirista amma ya koma ga gumakan kakanninsa, ya ƙudura farfaɗo da su. A wasiƙar da ya aika wa babban firist na lardin Galatiya ya koka cewa abin kunya ne a ce Bayahude ba ya bara, Kiristoci kuma suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Ya umarta a gina masaukan baƙi a kowane birni, ya ware alkama da ruwan inabi duk shekara don rabo. Bai ga amfanin shirin ba, domin ya mutu a yaƙin Farisa a 363.

Mutumin da ya mayar da wannan koyarwa gini mai harsashi shi ne Basil na Kaisariya, birnin da ake kira Kayseri a Turkiyya ta yau. An haife shi wajen 330 a gidan masu arziki, ya yi karatu a Atina tare da amininsa Giregori na Naziyanzus, har da ilimin likitanci. Ya dawo gida yana ji da kansa, sai yayarsa Makirina ta yi ta jan hankalinsa har ya bar neman suna ya rungumi rayuwar sufaye.

A 368 da 369 fari ya afka wa Kafadokiya. Damuna ta ƙi, rijiyoyi suka ƙafe, kuma ƙasar nesa take da teku, ba a iya kawo hatsi da jirgi. Masu rumbu suka kulle, suna jiran farashi ya ƙara tashi. Basil, a lokacin yana firist, ya hau mumbari ya ɗauko misalin da Yesu ya bayar na attajirin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya, bai san a daren zai mutu ba. Ya zana musu hoton uba da ke duban 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, yana tunanin wanne zai kai kasuwar bayi don sauran su ci. Ya ce musu abin da mutum ya ɓoye alhali ba ya bukatarsa, haƙƙin mabukaci ne ya riƙe, kuma wanda zai iya tufatar da matsiraici ya ƙi, bai bambanta da wanda ya tuɓe shi ba. Sannan ya sayar da gadonsa ya sayi hatsi. Giregori ya ba da labarin yadda ya tara mayunwata, maza da mata da jarirai da tsofaffi, aka jera manyan tukwane na miya da ajiyayyen nama, shi kuma ya yi ɗamara yana raba musu da hannunsa. Ƙanen Basil, Giregori na Nisa, ya ƙara da cewa 'ya'yan Yahudawa ma sun ci daga tukwanen nan.

Da ya zama bishof a 370 sai ya ƙi barin aikin ya mutu tare da yunwar. A bayan gari ya fara gini: ɗakin ibada, masaukin baƙi, ɗakunan majinyata, gidajen likitoci da masu jinya, wuraren sana'a, har da dabbobin ɗaukar kaya da masu rakiya. Da masu hassada suka kai ƙararsa wurin gwamna, sai ya rubuta masa yana lissafa waɗannan gine-gine yana tambayar wa suka cuta. Akwai sashen kutare, mutanen da a wancan zamani ake kora daga gari da kasuwa da bakin rijiya, har iyayensu na gudunsu. Basil yakan shiga wurinsu da kansa, ya gaishe su da sumba kamar 'yan'uwa, ya wanke musu miki. Giregori na Naziyanzus ya kira wurin sabon birni, jama'a kuma suka sa masa sunan mai shi, Basiliyas. Masana tarihin likitanci da yawa suna lissafa shi cikin asibitoci na farko a duniya, domin ya haɗa gado da ƙwararrun likitoci da jinya kyauta a wuri guda. Basil ya rasu wajen 379, bai kai shekara 50 ba.

Ba shi kaɗai ba ne. A yunwar da ta kama Edesa, Urfa ta yau, Ifraimu Basuriyane ya karɓi amanar kuɗin attajirai ya shimfiɗa gadaje kusan 300 a rumfunan birni, ya rasu a 373. A birnin Rum wata attajira, Fabiyola, ta sayar da dukiyarta ta buɗe gidan jinya, tana ɗauko marasa lafiya daga titi a kafaɗarta. A Milan, bishof Ambros ya narkar da kwanonin zinariya na coci ya fanshi kamammu bayan yaƙin Adiriyanobul na 378.

Amma iko ya zo da nasa ciwon, kuma tarihi bai ɓoye shi ba. A Iskandariya a 415 wani gungun Kiristoci suka tare Haifatiya, malamar lissafi da falsafa da birnin ke alfahari da ita, suka kashe ta kisan wulaƙanci. Sokratis, Kirista marubucin tarihin ikkilisiya na wannan zamani, ya rubuta cewa abin ya jawo wa cocin birnin babban abin kunya, domin babu abin da ya fi kisa da faɗa nisa daga koyarwar Almasihu. A shekarar da ta biyo baya sarki ya kafa doka a kan ƙungiyar masu ɗaukar marasa lafiya ta birnin, wadda ta zama abin tsoro a rigingimun gari: aka taƙaita su zuwa mutum 500, aka hana su shiga kotu da majalisa da gidajen wasa. Ƙungiyar da aka kafa don ɗaukar majinyaci ta kai matsayin da sai hukuma ta taka mata birki.

Sokratis ɗin nan ne kuma ya adana labarin Akakiyus, bishof na Amida, wato Diyarbakir ta yau. A yaƙin 421 zuwa 422 tsakanin Rum da Farisa, sojojin Rum suka kamo Farisawa kusan 7,000, suka ƙi sakinsu, yunwa tana kashe su. Waɗannan mutanen Sarki Bahram ne, wanda a daidai lokacin yake tsananta wa Kiristocin ƙasarsa. Akakiyus ya tara malaman cocinsa ya ce musu Allahnsu ba ya ci ba ya sha, don haka ba ya bukatar kwano ko ƙoƙo. Aka narkar da kayan zinariya da azurfa na coci, aka biya sojoji fansa, aka ciyar da fursunonin, aka ba su guzuri suka koma gida. Abin ya girgiza Bahram har ya nemi a turo masa bishof ɗin ya gan shi ido da ido.

Daga nan aikin ya bazu ta hanyoyi da dama. A Italiya, ƙa'idar da Benedik ya rubuta wa sufayensa a ƙarni na 6 ta sa kula da marar lafiya gaba da kowane aiki, ta ce a karɓi baƙo kamar Almasihu ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. A gabas, Kiristocin Farisa suka shahara da likitanci a Jundishafur, daga can ne Halifa Mansur ya kira Jurjis ɗan Bukhtishu zuwa Bagadaza a 765, zuriyarsa kuma ta yi wa halifofin Abbasiyawa hidima fiye da shekara 200. Musulmi suka gina nasu manyan asibitocin bisa tushen waƙafi da sadaka, irin wanda Sarki Ƙalawun ya buɗe a Alƙahira a 1284.

Ƙasar Hausa ta ga nata rabon a ƙarni na 20. Gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi, amma ta buɗe ƙofa ga aikin jinya. A Wusasa kusa da Zariya, mishan ɗin Angilikan ya kafa makaranta da asibiti. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da matsugunan kutare na larduna tare da hukumomin gargajiya: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Masu aikin ba su ɓoye cewa suna fatan majinyata su karɓi addininsu ba, wannan kuma ya jawo zargi da taka-tsantsan daga sarakuna da malamai. Duk da haka mutane suka ci gaba da zuwa neman magani. A 1950 mishan ɗin ya buɗe asibiti a Galmi, kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa a Jamhuriyar Nijar, kuma har yau yana aiki. Yawancin masu kwanciya a gadajensa Musulmi ne, Hausawa da Fulani da Buzaye, wasunsu ma daga Nijeriya suke tsallako iyaka.